Mahaifina, Mutumin Gefen Rana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Mahaifina ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti, aka yi masa sutura bayan azahar. Ya haura shekara saba'in. Ya bar mahaifiyarmu, da mu 'ya'yansa mata uku, da jikoki, da kuma wasu mutane masu yawa da ba mu san ya bari ba sai da muka gan su a ƙofar gida.

Gidanmu yana can saman dutsen Mpape a Abuja, inda mota ba ta ƙarasawa, sai an ajiye ta a ƙasa an taka. Mun san direbobin tashar Utako za su zo, don a nan Baba ya yi aiki mafi yawan rayuwarsa. Mun san 'yan uwa za su iso daga Kano. Amma tun yammacin ranar farko sai ga wasu baƙi suna hawowa ɗaya bayan ɗaya, suna haki, suna tambayar mutane ina ne gidan Direba. Akwai wani Bayerabe mai furfura da ya rataya ganga a kafaɗa, ya ajiye ta a gefe bai kaɗa ba. Akwai samari uku sanye da rigunan ƙwallo, suka tsaya nesa da tabarma don ba su san yadda ake zaman makoki a wurinmu ba. Wata mata mai sayar da gyaɗa ta shigo har ciki, ta kama hannun Inna tana kuka.

"Mama, oga ba ya wuce ni bai gaishe ni ba," in ji ta. "Ko bai saya ba, sai ya tsaya ya tambaye ni yara."

Baffana, wato ƙanin Baba, wanda ya yi ritaya daga wata ma'aikatar gwamnati yana babban ma'aikaci, ya leƙo zaure ya kira ni.

"Ke, su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Abokan kallon ƙwallonsa ne, Baffa."

"Au, 'yan ƙwallo." Ya faɗe shi kamar wanda ya taka wani abu.

Inna ta jiyo shi daga ciki. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Mutanensa ne. A kai musu ruwa."

Washegari na ji Baffa yana gaya wa wani abokinsa, "Allah ya jiƙan Yaya, mutumin kirki ne, sai dai ya ɓata lokaci mai yawa a wasa." Ba a yi wa baffa gardama a gidan makoki. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na zauna nake rubuta wannan. Ina so jikokinsa, in sun girma, su san wane ne kakansu, kuma su san me yake zuwa yi a filin nan.

A cikin masu ta'aziyya akwai wani dattijo dogo, sanye da farar riga da hula, ya daɗe a zaune kafin ya nemi a kira masa babbar 'yar mamacin. Na fito na durƙusa muka gaisa. Ya ce shi tsohon alƙalin wasa ne.

"Mahaifinki ya zage ni ya fi a ƙirga," ya ce. "Duk filin na san muryarsa. In na busa usur na ji an ce, 'Alƙali, ka ji tsoron Allah!' na san ya zo."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wata rana a ƙaramin filin da ke Garki, ana saura kaɗan a tashi, ya ba baƙi bugun fenariti, suka ci. Da aka tashi samari suka yo kansa da duwatsu. Ya ruga bayan fili, ya rasa inda zai shiga. Sai ga wata bas a tsaye ƙofarta a buɗe, wani ya finciko shi ciki ya ce ya kwanta tsakanin kujeru. Baba ne. Ya tsaya a bakin ƙofar ya ce wa samarin duk wanda zai taɓa mutumin nan sai ya fara da shi. Sun san shi, suka ja da baya. Ya tuƙa shi har Nyanya inda yake zaune.

"Tun daga Garki har ƙofar gidana," in ji dattijon, "yana gaya mini fenaritin nan ba daidai ba ne. Na sauka ina yi masa godiya, ya leƙo ta taga ya ce, 'Ba komai, amma dai yaron nan bai taɓa shi ba.'" Ya yi dariya, sannan ya sa hannun riga ya goge ido. "Kuma yau zan faɗa miki, 'yata, gaskiyarsa ce. Bai taɓa shi ba."

Baba ya zo Abuja yana saurayi, lokacin da yawancin garin daji ne da tarakta. Ya fara da ɗaukar leburori a bayan tipa, daga baya ya samu bas yana jigilar fasinja zuwa Kaduna da Kano. Mutum ne mai ƙarancin magana a gida. In ya dawo zai yi wanka, ya ci tuwo, ya tambayi karatunmu, shi ke nan. Amma ranar wasa wani mutum ne dabam. Ba ya yin lodi ranar, ko da tasha ta cika da fasinja. Zai sa wata tsohuwar malafa ta kaba, ya cusa darduma a hammata, ya fita tun kafin azahar, ko da wasan sai ƙarfe huɗu. Inna takan ce, "Kai da ba kai za ka buga ba, saurin me kake yi?" Yakan ce yana so ya ga ciyawa kafin a tattake ta.

Kullum a ɓangaren da ba rumfa yake zama, wanda tikitinsa ya fi arha. Shi yake kiransa gefen rana. A nan masu ganga suke, da leburori, da 'yan acaɓa, da 'yan kasuwa. Ya ce a gefen rana ba a tambayar mutum garinsu ko addininsa. In aka ci, wanda ke kusa da kai shi za ka rungume.

Ina shekara tara ya fara tafiya da ni. Inna ta ce wa zai kai 'ya mace cikin wannan taron, ya ce ai shi ba shi da ɗa namiji, kuma ido ba ya da mace ko namiji. Na tuna hawan matakalar, hannuna cikin nasa, da yadda filin ya buɗe a gabana gaba ɗaya, kore shar, ya fi duk abin da na taɓa gani faɗi. Ya saya mini rake da gyaɗa. Da aka fara wasa ina ta bin ƙwallo da ido, sai ya dafa kaina ya juya shi.

"Bar ƙwallo, kowa ita yake kallo. Dubi wancan na baya. Kin ga yana nuna wa 'yan uwansa inda za su tsaya? Shi ne ke riƙe da gidan."

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya shimfiɗa dardumarsa a ƙarƙashin matakala, mutane suka jeru a bayansa aka yi la'asar. Wani mutum gajere mai kaurin hannu ya tsaya a gefe yana riƙe da takalman masu salla da jakunkunansu, har da ni ya riƙe wa hannu. Wannan shi ne abokin Baba na garin Kwali.

Manomi ne, Kirista, ɗan asalin yankin. Sun haɗu ne wata shekara da Baba ya ɗauko masa doya zuwa kasuwa, suka yi gardamar ƙwallo tun daga Kwali har suka iso. Daga nan duk ranar wasa sai ya hau mota ya zo, su zauna tare. Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Baba yana ce masa Manomi, shi kuma yana ce wa Baba Direba. Mu muna kiransa Baban Kwali. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa, har Inna. Duk kaka sai ya aiko mana da doya, duk Sallah sai Baba ya aika masa da cinyar rago. Sun fi shekara talatin a haka, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan ɗan wasa ɗaya ba.

Abin ya fara canzawa ne a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da ya fara ba. Baba yakan ce da, in ya yi lodi ɗaya zuwa Kaduna ya dawo, abin da ya rage masa ya isa tikitinsa da nawa, da rake, har ya kawo wa Inna tsire. Daga baya lodi ɗaya ya daina isa. Da idonsa ya yi rauni ya sayar da bas ɗin, sai ya koma fasinja kamar kowa. Daga Mpape zuwa babban fili sai ka hau babur, ka hau mota, ka sake hawa wata. Aka hana shiga da ruwa, sai wanda ake sayarwa a ciki, shi kuma kuɗinsa ya ninka na waje. Aka ce a riƙa sayen tikitin manyan wasanni ta waya, shi kuwa wayarsa ta kira ce kawai. Wani lokaci a ɗauke wasan gaba ɗaya a kai shi wani gari can kudu. Da man fetur ya tashi, sai komai ya bi shi. Mai gangar nan ya daina zuwa kowane wasa, sai ya zaɓa. Mai gyaɗa ta ce masu tsayawa a waje sun fi masu shiga.

Baba bai daina ba. Ya rage cin goro, ya daina sayen rake, yana taka wani ɓangaren hanyar da ƙafa. Amma Baban Kwali ya daina zuwa. Da farko ya ce aikin gona ne. Daga baya ya ce gwiwa ke damunsa, likita ya hana shi hawan matakala. Baba ya yarda. Yakan dawo daga fili ya kira shi ya ba shi labarin wasan, su yi gardama ta waya har kuɗin kiran ya ƙare.

A lokacin na yi aure, ina aiki a wata hukumar gwamnati, ina da ƙaramar mota. Ganin yadda yake dawowa a gajiye, ga hawan jini, sai na saya masa talabijin babba, na biya kuɗin tashoshin ƙwallo. Na ce, "Baba, ga wasannin duniya duka a ɗakinka, ba rana ba turereniya." Ya yi godiya, ya sa mini albarka. Bayan mako biyu na zo na tarar jikoki ne ke kallo, shi yana waje.

"Talabijin yana nuna miki inda ƙwallo take ne kawai," ya ce. "A fili ni ke zaɓen abin da zan kalla."

Sai na ce to bari in yi masa abin da ya fi wannan. Aka sa wani babban wasa na 'yan wasan ƙasa a Abuja, wanda tikitinsa ko na gefen rana ya fi ƙarfin yawancin mutane. Na bi ogana a ofis kwana da kwanaki har ya ba ni katin gayyata guda biyu na ɓangaren manya. Na ɗinka wa Baba sabuwar shadda. Ina ta murna, ina ganin yau zan rama masa raken da ya saya mini.

Muka shiga ta ƙofar da motoci ke shiga. A hanya muka wuce taron mutane a bakin shinge, waɗanda ba su da tikiti, suna tsaye cikin rana suna jiran ko za a buɗe ƙofa in wasa ya yi nisa. Wani daga cikinsu ya hango shi ta gilashi ya ɗaga hannu ya ce, "Direba!" Baba ya sunkuyar da kai.

Aka zaunar da mu a kujeru masu laushi, ƙarƙashin rumfa, aka kawo lemo. Na kusa da mu suna ta danna waya, wasu suna hirar kwangila. Aka ci ƙwallo ta farko, Baba ya miƙe ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ga shi kaɗai ne a tsaye a layinmu, sauran tafi kawai suke yi. Ya koma ya zauna. Daga nan bai ƙara kallon wasan ba. Can tsallake yake kallo, gefen rana, inda kusan rabin kujerun babu kowa.

Da aka tafi hutu ya ce zai je salla. Aka dawo bai dawo ba. Na jira, na kira wayarsa bai ɗauka ba. Hankalina ya tashi, na ce ko jiri ne ya kayar da shi a wani wuri. Na fita ina nema, na zaga bayan fili, na tambayi masu gadi. A ƙarshe a waje na same shi, a bakin shinge, cikin sabuwar shaddarsa, zaune a kan dutse tsakanin mutanen nan. Wani ya kunna rediyo, shi kuma yana ba su labarin yadda aka ci ta farkon, yana kwatantawa da hannu.

A mota na kasa haƙuri.

"Baba, ka san wahalar da na sha kafin in samu katin nan? Ka san yadda na nemi ka a ciki?"

"Wa ya aike ki?" ya ce.

Ban taɓa jin ya yi mini magana haka ba.

"Kin kai ni wurin da ake jin kunyar ihu. Kin zaunar da ni a inuwa ina kallon kujerun mutanena babu kowa, su kuma suna waje kamar awaki. Ke yanzu kin zama ta can, shi ke nan, Allah ya sa alheri. Ni ki bar ni inda kika same ni."

Wannan kalmar, kin zama ta can, ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Da kuɗin lodinsa ya biya mini makaranta har na kai inda nake. Na sauke shi a gindin dutse, ban hau na gaida Inna ba. Na yi mako uku ban je gida ba. Da na koma muka gaisa kamar ba a yi komai ba. Bai ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba, amma tana nan tsakaninmu, kowa ya san tana nan.

Bayan wata biyu ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi.

"Ranar Lahadi kina da aiki? Ina so ki kai ni Kwali."

A hanya ya gaya mini dalili. Wani direba da ke bin hanyar Lokoja ya ce masa ya ga Manomi a kasuwa yana sauke buhun masara daga kan babur shi kaɗai.

"Mai ciwon gwiwa ne zai ɗauki buhu?" in ji Baba. "Shekara guda yana yi mini ƙarya."

Ƙauyen yana bayan garin Kwali kaɗan. Muka same shi ya dawo daga coci, yana zaune a inuwa kusa da inda matarsa ke shanya tukwanen da ta gina. Da ya ga motar ya miƙe da sauri, sai kuma ya tuna, ya fara ɗingishi.

"Daina," in ji Baba. "Ka ma manta wace ƙafar ce."

Suka tsaya suna kallon juna. Sai Baban Kwali ya koma ya zauna.

"Direba, kuɗin mota zuwa da dawowa, da tikiti, ya kai abin da zan sayi taki. In na zo kallo, gona zai kwana da yunwa. Kuma na san ka. In na faɗa maka, za ka ce za ka biya. Kai ma ba ka da shi. Shekara talatin kowa yana biyan nasa, ba zan zo in tsaya a bayanka a ƙofa kamar yaro ba."

Baba bai ce zai biya ba. Sai dai ya ce, "Ni ma saura kaɗan in daina. Wancan watan a waje na tsaya."

Ban san wannan ba sai ranar.

Matar gidan ta kawo mana ruwa da dafaffiyar doya da manja. Muna ci sai muka jiyo usur daga nesa. Baba ya ɗaga kai kamar an kira sunansa.

"Mene ne wannan?"

"Yaran ƙauye ne," in ji Baban Kwali. "Duk Lahadi suna bugawa da na wani ƙauye a filin firamare. Ba irin naka ba ne."

"Ana biya?"

"Wa zai biya?"

Baba ya wanke hannu ya miƙe.

Filin jar ƙasa ne, ciyawa sai a gefe-gefe. Ragar ta yage, an ɗaure ta da igiya. Rabin 'yan wasan ba takalmi iri ɗaya a ƙafarsu. Amma duk ƙauyen yana wurin, mata da goyo, tsofaffi, masu sayar da kunu. Aka kawo wa dattawan biyu benci daga aji aka ajiye a gindin mangwaro. Ba a yi minti goma ba suka fara gardama a kan wani dogon yaro mai tsaron baya. Kafin a tafi hutu Baba ya miƙe tsaye, hularsa a hannu, yana yi wa alƙalin wasan ihu, wanda ashe shugaban makarantar ne. Mutane suka yi ta dariya suna tambayar daga ina aka samo wannan tsohon. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

A hanyar dawowa ya yi barci a mota, bakinsa a buɗe. Daga ranar, duk Lahadin ƙarshen wata nake kai shi. Mun je sau biyar. A cikin tafiye-tafiyen nan mun yi hira fiye da duk wadda muka yi tun ina yarinya. Ya ba ni labarin Abuja kafin a yi kwalta, da yadda ya ga Inna a karon farko. Sau da yawa nakan ji kamar zai ɗauko maganar ranar katin, sai ya juya ya ce in kula da ramin da ke gaba.

Ciwon ya zo masa ne da sauri. Ya faɗi a alwala ranar Juma'a, bai ƙara magana sosai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sai a kwana na biyar Inna ta dube ni ta ce, "An kuwa gaya wa mutumin Kwali?"

Ba a gaya masa ba. A cikin ruɗewa babu wanda ya tuna. Na ɗauko wayar Baba na nemo lambar, na kira ya fi sau goma, ba ta shiga. Ranar kuwa Lahadin ƙarshen wata ce. Na ce wa Inna ba zan aika kowa ba, ni zan je.

Na isa an riga an fara wasa. Na hango shi a gindin mangwaro, a ƙarshen benci, ya ajiye gorar ruwa a ɗaya gefen don kada wani ya zauna. Da ya ga motata ya ɗaga hannu yana murmushi. Na fito ni kaɗai. Ya leƙa bayana, ya dubi kujerar gaba. Murmushin ya tafi.

"Ina Direba?"

Na durƙusa a gabansa. Duk abin da na shirya a hanya ya ɓace. Na ce, "Baba, sai haƙuri. Tun Talata."

Bai yi kuka nan take ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a'a. Ya tambaya ko an samu mutane a jana'iza, na ce an samu sosai. Na ba shi haƙurin rashin sanar da shi, ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa a rafi. Can a fili ana ta gudu ana ihu, babu wanda ya san abin da ake ciki. Ya ɗauke gorar daga kan bencin ya ce in zauna.

Na zauna. Sannan ya yi magana, idonsa a kan fili, hawaye na bin fuskarsa.

"Wancan watan, da ka tafi sayen kunu, ya gaya mini wani abu. Ya ce akwai ranar da ka kai shi wurin manya, ya faɗa maka magana marar kyau. Ya ce abin yana cin shi. Ya ce ba da kai yake fushi ba, da ƙofar filin nan yake fushi, kai ne kawai kake kusa. Na ce masa, to ka faɗa wa yarinya mana. Ya ce shi direba ne, bai iya irin wannan magana ba, amma wata mai zuwa a hanya zai gwada." Ya goge fuska da hular. "Yau ne wata mai zuwa. Shi ya sa na faɗa maka."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Matan da ke kusa suka taso suka kewaye ni, ba su san ni ba, suna shafa bayana suna magana da yarensu. Da aka tashi wasa shugaban makarantar ya zo da usur a wuya ya yi mini ta'aziyya, 'yan wasan ma suka zo ɗaya bayan ɗaya da guminsu. Baban Kwali ya shiga gida ya sako rigarsa ta coci, ya ɗauko doya uku ya sa a bayan mota, ya zauna a kujerar gaba. Ya ce in kai shi ya gaida Inna, kuma in nuna masa inda aka kwantar da abokinsa.

Baba, na ji saƙonka, kuma ni ma ka yafe mini. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba abokinka haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.